Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Tsara Birane: A Tare Ruwan Sama Tun Inda Ya Sauka

Zuwa ga shugabannin hukumomin tsara birane, da masu ba da izinin gini, da injiniyoyin hanyoyi da magudanan ruwa.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda injiniyoyin ruwa ne da masu nazarin ƙasa da masu tsara unguwanni, kuma magana ɗaya ce ta kawo mu. Duk shekarar da ruwa ya ci gari, abin da ake ji daga bakin hukuma shi ne za a faɗaɗa kwata, a ƙara wa lambatu zurfi, a sake kwalbati. Ana yi kuwa, kuɗi na tafiya, amma bayan damina biyu ko uku sai ruwan ya dawo, ko ya koma kan unguwar da ke gangare. Lambatun kankare ba ya rage ruwa ko da cokali guda, sauri kawai yake ƙara masa. Abin da ya bar ƙofar mai tudu a guje, shi ne ke kwana a ɗakin mai kwari. Roƙonmu shi ne ku ɗaga ido can sama inda ruwan ke sauka, a rage shi tun bai haɗu ya yi ƙarfi ba.

Ga lissafin, don kada a ce ra'ayi ne kawai. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A ɗauki fili mai murabba'in mita 500 da ba a gina ba, ga ciyawa ga ƙasa a buɗe, sai a yi ruwa na milimita 50 cikin awa guda. Abin da zai gangara waje bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, wato lita 5,000. Sauran ƙasa ta shanye, ganye ya riƙe, rana ta ɗauke. Yanzu a gina filin: rufi murabba'in mita 200, daɓen siminti a tsakar gida 250, saura 50 kacal. Rufi da daɓe suna zubar da kusan kashi 90 na abin da ya sauka a kansu. Ruwan da zai fita ta ƙofar gidan ya haura lita 20,000. Ninki huɗu ke nan daga gida ɗaya, kuma cikin ɗan lokaci, domin siminti ba ya jinkirta komai. A unguwa mai gida dubu ana maganar lita miliyan 20 a awa guda, cikin lambatun da aka auna wa faɗi tun rabin wurin yana gona. Kowane izinin gini da kuka sa wa hannu ba tare da sharaɗin ruwa ba, ƙarin kaya ne a kan wannan lambatun.

Sai ga sauyin yanayi ya zo ya ƙara a kai. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi a ma'aunin Salsiyos yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100. Ba lallai ne jimillar ruwan shekara ta ƙaru a ko'ina ba, amma ruwan da a da yake sauka cikin yini guda yanzu yana iya zubowa cikin awa biyu. Jadawalin ƙarfin ruwa da injiniyoyi da yawa ke aiki da shi an haɗa shi ne da bayanan shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce. A Ingila an daɗe da umartar masu zane su ƙara kashi 20 zuwa 40, ko fiye, a kan ƙarfin ruwan da jadawali ya nuna. Wanda bai yi irin wannan ƙari ba, yana auna wa babba riga da ma'aunin yarintarsa.

Hanyar da muke kira gare ta ba sabuwa ba ce. An fara tsara ta a gundumar Prince George's ta jihar Maryland a Amurka a farkon shekarun 1990. A ƙasar Sin ana ce mata birnin soso: a 2015 aka zaɓi birane 16 na gwaji, a 2016 aka ƙara 14, da burin cewa nan da 2030 kashi 80 na yankunan birane su riƙa shanyewa ko amfani da kashi 70 na ruwan da ya sauka musu. Sunaye sun bambanta, aikin ɗaya ne: ƙananan wurare da yawa, a warwatse, kowanne yana tare ɗan rabonsa, ya bar ƙasa ta sha, abin da ya rage ya sake shi sannu a hankali.

Amma kafin a saka magirbi a ƙasa, sai an san ƙasar. Nan ne mafi yawan ayyuka ke mutuwa tun ba a haife su ba. A haƙa ramin gwaji a daidai wurin da za a yi aikin, zuwa daidai zurfin da gindin aikin zai kai, domin ƙasar sama takan yaudari mutum: rairayi a sama, yumɓu a mita ɗaya. A cika ramin da ruwa a bar shi ya tsotse, a sake cikawa, a sake har sau uku. Na ukun ake riƙewa, saboda shi ne ke nuna halin ƙasa bayan ta ƙoshi, kamar yadda take a tsakiyar damina. A kafa sanda mai awo a rubuta milimita nawa ruwan ke sauka a awa. Abin da aka samu a raba shi biyu kafin a yi zane da shi, domin da shekaru laka za ta rage wa ƙasar sha. Idan bai kai milimita 13 a awa ba, ƙasar ita kaɗai ba za ta iya ba, sai an shimfiɗa bututu mai huji-huji a gindi ya riƙa janye rarar. Gwajin da aka yi a tsakiyar rani a busasshiyar ƙasa mai tsaguwa, sau ɗaya, ba gwaji ba ne. Ruwan tsaga yake bi.

Haka kuma a san inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kaiwa a ƙarshen damina. Dole a bar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da gindin aikin, in ba haka ba ramin da aka haƙa don ya sha ruwa shi ne zai riƙa kawo ruwa. A nisanci harsashin gini da mita 5, rijiyar sha da kimanin mita 30. Akwai kuma wuraren da sam bai halatta a tura ruwa cikin ƙasa ba: gidan mai, garejin kanikawa, marina, majema, tsohon juji. Ruwan da ya wanke waɗannan yana ɗauke da mai da guba, kuma in ya shiga ruwan rijiya fitar da shi aikin shekaru ne. Baƙar laka mai kumbura in ta jiƙa ta tsage in ta bushe, da gangare mai tsayi sosai, su ma a bar su. A can tanki da tafkin jinkirta ruwa, mai shimfiɗa a gindi da ke hana shi shiga ƙasa, su ne magani.

Inda ƙasa ta yarda, abin da ya fi kowanne amfani shi ne lambun shan ruwa. Kwari ne marar zurfi da aka dasa wa tsirrai, ana sako masa ruwan indararo ko na titi. Girmansa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na rufi ko daɓen da ke zubo masa. Rufin nan mai murabba'in mita 200, in ana son tare milimita 25 na farko, lita 5,000 ke nan. Lambu mai murabba'in mita 20 da aka saukar da santimita 20 ƙasa da tsakar gida zai riƙe lita 4,000 a sama, sauran ya shige cikin ƙasar da aka zuba masa. Ita wannan ƙasa a yi mata kauri santimita 60 zuwa 90, mafi yawanta yashi mai tsabta, a gauraya da ɗan ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki kaɗan. Mu jaddada kalmar kaɗan. Masu aiki suna son cika taki don tsirrai su yi kyau, sai ruwan da ke fita ya fi wanda ya shiga ƙazanta, ya je ya cika tafki da gansakuka. Yumɓu kuma in ya yi yawa a cikin haɗin, damina ɗaya ta isa lambun ya zama kududdufi.

Gindin lambun ya zama a miƙe sumul, don ruwa ya bazu ko'ina. A bakin shiga a jera duwatsu su karya ƙarfin ruwan, a gabansu a yi ɗan akwatin kankare da yashi zai kwanta a ciki, wanda mutum ɗaya da shebur zai iya kwashewa. Sannan a yi mafita a daidai tsayin santimita 20 ɗin nan, wadda in lambun ya cika za ta kai rarar lambatu, nesa da bangon kowa. Lambun da ba shi da mafita zai nemo wa kansa, kuma galibi ta ƙofar ɗaki yake samu. Tsirran da za a dasa su zama na yankin, masu jure kwana biyu a ruwa da watanni ba ruwa. Ciyayi masu dogon saiwa irin su jema sun fi furannin ado nesa ba kusa ba, domin saiwarsu ce ke buɗe wa ruwa hanya shekara bayan shekara.

Mun san tambayar da za ta biyo baya: sauro fa? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin zanen. Sauro na buƙatar kimanin mako guda a ruwa daga ƙwai zuwa tashi. Ƙa'idar lambun ita ce ya tsotse ƙaf cikin awa 24 zuwa 48. Santimita 20 a ƙasa mai shan milimita 13 a awa za su tafi cikin awa 16. Ko an raba shan biyu, awa 31 ne. Lambun da ruwa ya kwana uku a cikinsa ya lalace, gyara yake nema. Matattarar sauro ta gaskiya ita ce kwatar kankare da shara ta toshe, wadda ruwa ke kwanciya a ciki har rani.

Inda fili ya yi ƙaranci, sai ramin tsotse ruwa irin wanda magina ke kira sokawe, amma nasa daban, kada a kuskura a haɗa shi da na bayan gida. A nan akwai kuskuren lissafi da ake yawan yi. Ramin da aka cika da tsakuwa, kashi 30 cikin 100 ne kawai na cikinsa ke ɗaukar ruwa. Lita 5,000 na buƙatar rami mai kusan kubik mita 17, ba 5 ba. Tsakuwar ta zama wankakkiya, mai girma ɗaya, a naɗe gefenta da samanta da yadin tace ƙasa, a sa akwatin tare yashi da ganye kafin bututun shiga, a bar murfin dubawa. Ramin ya iya komawa rabi cikin awa 24, don ya karɓi ruwan gobe.

Yanzu ga inda hannunku ya fi kai wa, wato tituna. Ku dubi yadda ake gina tsibirin tsakiyar hanya da gindin bishiyoyin gefen titi: an ɗaga su sama da kwalta, an kewaye su da dakali, ruwa na wucewa ta gefensu, sannan a rani a turo tankar ruwa ta yi ban ruwa. Abin dariya ne in ba don kuɗin jama'a ba ne. A juya abin. A saukar da su santimita 15 zuwa 20 ƙasa da kwalta, a yanka ƙofofi masu faɗin rabin mita a jikin dakalin, ruwa ya shiga da kansa. Bakin ƙofar ta ciki ya fi kwalta ƙasa da santimita 5. In ba a yi haka ba, yashi da ciyawa za su taru su toshe ta, ruwan ya yi gaba abinsa. A hanyoyin unguwa da ke da sarari, magudana mai ciyawa ta fi ta kankare: gindi mai faɗin rabin mita zuwa mita biyu, gefe mai kwanciya da bai fi tashin mita ɗaya a mita uku ba, gangaren tsawo kashi 1 zuwa 4 cikin 100. In ya gaza haka ruwa zai tsaya, in ya wuce zai yi zaizaya, sai an gicciya ƙananan shingayen dutse suna karya gudunsa.

Wuraren ajiye motoci, harabar makarantu da hanyoyin ƙafa kuwa, daɓe mai shan ruwa ya dace da su. Mutane da dama suna zaton duk intalok haka yake. A'a. Wanda aka shimfiɗa a kan danƙararriyar jar ƙasa aka cike tsakaninsa da yashi mai laushi, bayan shekara ɗaya ba shi da maraba da siminti. Na gaskiyar ana cike tsakaninsa da ƙananan tsakuwa masu milimita 2 zuwa 6, a kan shimfiɗar irinsu mai kaurin santimita 5, a ƙarƙashi kuma tsakuwa mafi girma marar ƙura. Santimita 30 na wannan tsakuwa na iya ajiye ruwan sama na milimita 90. Abokin gabansa ɗaya ne, laka. Kada a bar ruwan da ya wanko fili marar ciyawa ya bi ta kansa, kada a juye yashin gini a kai, kuma a tsotse ƙurar tsakaninsa da inji sau ɗaya ko biyu a shekara. Inda ba za a iya wannan ba, ko inda manyan motoci ke juyawa, gara kada a fara.

Tankin tara ruwan rufi abu ne mai kyau, sai dai cikakken tanki ba ya tare ko ɗigo. A tsakiyar damina kuwa kullum a cike yake. Dabarar ita ce a huda ƙaramar mafita a tsakiyar tsayinsa: rabin ƙasa na mai gida ne, rabin sama ya riƙa zurarewa a hankali zuwa lambu, ya zama fanko kafin hadari na gaba. A rufe bakinsa da raga, a kuma karkatar da ruwan farko mai ƙurar rufi. Shuka a kan rufin bene ma tana taimakawa, amma jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 10 na iya wuce kilo 100 a kowane murabba'in mita, don haka ba a ɗora ta sai injiniyan gini ya duba.

Abin da ya fi kashe waɗannan ayyuka ba zane ba ne, lokacin gini ne. Ɗan kwangila ya haƙa lambun tun farko, ya bar katafila tana taka gindinsa har ƙasar ta danƙare kamar daɓe, sannan duk lakar wurin gini ta gangaro ta kwanta a ciki. Ranar buɗewa ga furanni ga tuta, amma an riga an kashe shi. Ku sa a cikin takardar kwangila cewa wuraren shan ruwa su ne na ƙarshe da za a gina, a kewaye su tun ranar farko, a haƙa daga gefe, a farfasa gindin kafin a zuba ƙasa. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai jami'inku ya zo da tankar ruwa ya cika wurin, ya duba agogo. Bayan haka sai kulawa: kwashe yashi da leda daga bakin shiga kafin damina da bayan kowane babban ruwa, cire santimita biyu ko uku na ƙasar sama in sun toshe, maye tsirran da suka mutu, ban ruwa a shekarar farko. Aikin ba shi da wuya, amma sai an rubuta sunan sashen da ke da alhakinsa an kuma ware masa kuɗi. Abin da ke tsakanin sashen hanyoyi da na lambuna da na shara, kowa cewa yake na wancan ne.

Ba za mu ɓoye muku iyakar wannan hanya ba. An yi ta ne don ruwan yau da kullum da matsakaici, wanda shi ne mafi yawan ruwan shekara. Ranar 20 ga Yulin 2021 an yi ruwa na milimita 201.9 cikin awa guda a birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, birnin da ya riga ya kashe kuɗi mai yawa a shirin soso, kuma sama da mutum 300 suka rasa rayukansu. Babu lambun da zai shanye wannan, babu kuma bututun da zai ɗauke shi. Kofenhagen ta Denmak ta koyi darasin a 2 ga Yulin 2011, da kusan milimita 150 suka sauka cikin awa biyu. Shirin da ta fitar a 2012 ya yarda cewa wata rana ruwa zai fi ƙarfin magudana, don haka aka zaɓi titunan da za su zama hanyarsa, aka gyara gangarensu su kai shi filayen shaƙatawa da tashar jiragen ruwa. A Rotadam ta Holan an buɗe dandalin Benthemplein a 2013: filin wasa ne a ranakun da ba ruwa, in an yi mamako ya zama tafki mai ɗaukar kimanin lita miliyan 1.7. Saboda haka hawa uku ne: ƙaramin ruwa ƙasa ta sha, matsakaici a riƙe shi a sake shi a hankali, babba a buɗe masa hanyar da ba ta bi ta ɗakin kowa ba. Kuma duk wannan banza ne muddin ana ci gaba da cike fadamu da kududdufai da tsofaffin hanyoyin ruwa ana yanka filaye. Su ne ma'ajiyar da ba a kashe ko sisi wajen gina ta ba.

To, ga abin da muke nema a wurinku. Ku sa sharaɗi a izinin gini cewa kowane sabon gini ya riƙe milimita 25 na farko a cikin filinsa, kuma ƙarfin ruwan da zai fita bayan gini kada ya wuce na kafin gini. A haɗa sakamakon gwajin ƙasa da zanen ruwa a cikin takardun neman izini, kamar yadda ake haɗa zanen harsashi. Ga mai ƙaramin gida, ku buga zane biyu ko uku na a-zo-a-gani da magini zai iya bi, don kada sharaɗin ya zama wata ƙofar karɓar na goro. Ku ƙayyade kason fili da za a iya daɓewa. A birane da yawa na Jamus kuɗin magudana yana bin faɗin rufi da daɓen mutum ne, wanda ya rage daɓe a rage masa. Ku duba ko irin wannan zai yi muku. Ku kafa ma'aunan ruwan sama masu rubuta abin da ya sauka duk minti 5 zuwa 15, domin jimillar yini ba ta gaya wa mai zanen kwalbati komai. Ku zana taswirar inda ruwa ke bi in lambatu ya cika, ku manna ta inda mai sayen fili zai gani.

Kafin ku ɗora wa kowa, ku fara da naku: harabar ofisoshinku, makarantu, asibitoci, tashoshin mota. Ku zaɓi ƙaramin yanki guda da ruwansa ke fita ta kwalbati ɗaya, ku auna abin da ke wucewa ta cikinsa damina guda kafin aiki, ku yi aikin, ku sake aunawa damina biyu, ku buga alƙaluman ko sun yi daɗi ko ba su yi ba. Duk titin da za a fasa don gyara ko shimfiɗa bututu, a yi masa nasa gyaran ruwan a lokacin, tunda an riga an biya kuɗin haƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya: gwajin ƙasa da awon ruwan ƙarƙashi a damina ake yinsu, gini kuma a rani, don haka abin da ake son ya yi aiki baɗi, bana ake fara auna shi.

Mun gode da sauraro. Allah ya taimake ku a kan wannan nauyi.

Naku,
Wasu injiniyoyin ruwa, masu nazarin ƙasa da masu tsara unguwanni